Gine-ginen zamanin gurguzu da yawon buɗe ido: me Gabashin Turai ta yi, me Jos za ta ɗauka?

Ɗan Bukuru:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Muna da ƙaramar ƙungiya a nan Jos mai shirya wa ɗalibai da baƙi rangadin wuraren tarihi. An ba mu shawara mu duba yadda biranen Gabashin Turai suka mai da gine-ginen da mulkin gurguzu ya bari hanyar samun kuɗin shiga, wai akwai abin koyi a ciki. Me suka yi takamaimai, ina abin ya yi kyau, ina ya ƙi? Idan ginin kankare ya shekara arba'in ko hamsin babu mai kula da shi, ta ina ake fara gyara kafin a shigar da jama'a? Sannan mu da ba mu taɓa yin mulkin gurguzu ba, ko akwai abin da ƙasashen nan suka gina mana da ya isa a haɗa rangadi a kansa, ko dai zancen bai shafe mu ba? Don Allah masana a taimaka dalla-dalla.

Mai Taswira, Abuja:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan ɗauki ta farko, ta kankare a bar wa injiniyoyi.

Ba gwamnatocin ƙasashen nan ne suka ƙirƙiro kasuwar ba. Da mulkin gurguzu ya faɗi a 1989, burinsu a share alamunsa, a nuna wa duniya tsofaffin majami'u da fadojin sarakuna. Baƙi ne suka riƙa sauka suna tambayar ina katangar Berlin take, ina fadar Ceausescu, tsohon shugaban Romaniya. Sai da aka ga kuɗin na wucewa ta hannun direbobin tasi da masu tallan hular soja a bakin titi sannan hukuma ta waiwayo, a wasu wuraren kuwa ta waiwayo ne bayan an riga an rushe.

Dubi Berlin. Katangar da aka fara a Agustan 1961 ta kewaye Berlin ta Yamma, tsawonta kusan kilomita 155, kuma cikin ɗan lokaci bayan buɗe ta aka kwashe kusan dukkanta. Abin da ya rage mai tsawo shi ne East Side Gallery, kilomita 1.3, sai wurin tunawa na titin Bernauer inda aka bar katangar gaba da ta baya da filin da ke tsakaninsu da hasumiyar masu gadi. Ragowar hanyar layi biyu ne na duwatsu da aka shimfiɗa a kan titi don baƙo ya san ta nan ta bi, mutane na taka su ba su ma lura ba. A Sofiya ta Bulgeriya an rushe kushewar Georgi Dimitrov, shugaban gurguzu na farko na ƙasar, a Agustan 1999, da ƙyar ma, don nakiyar farko ba ta kayar da ita ba. Yau ɗan jagora sai dai ya nuna fili ya ce a nan take.

Wasu kuma kwashewa suka yi. Budapest ta tattara mutum-mutumi 42 na Lenin da Marx da sojojin Sobiyet ta kai bayan gari, aka buɗe Memento Park a 1993. A Lituwaniya wani ɗan kasuwa ya yi irin haka a Grutas a 2001, fiye da kilomita 100 daga babban birni. Dabarar ta ceci kayan daga narkarwa, amma tana da naƙasu biyu. Mutum-mutumin da aka yi don ya tsaya a tsakiyar dandali ya danne mai wucewa, in aka jera shi a fili tare da 'yan'uwansa, ya zama abin ɗaukar hoto kawai. Sannan nisa na cinye baƙi: mai kwana biyu a Budapest zai fi shiga Gidan Ta'addanci da ke lamba 60 titin Andrassy, tsohuwar hedikwatar 'yan sandan ciki da aka mai da gidan tarihi a 2002, saboda yana tsakiyar gari.

A ganina waɗanda suka fi dacewa su ne waɗanda ba su daina amfani da ginin ba. Fadar Al'adu da Kimiyya ta Warsaw, wadda Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya ba Polan "kyauta" aka gina daga 1952 zuwa 1955, tsayinta mita 237. An sha kiran a rushe ta, amma a 2007 aka sa ta cikin gine-ginen da doka ta kare. Cikinta akwai gidajen wasan kwaikwayo, sinima, gidajen tarihi da ofisoshin haya, a hawa na 30 kuma akwai barandar hango gari da ake sayar wa tikiti. Masu haya ne ke riƙe wuta da lif da shara kullum, kuɗin baƙo ƙari ne. Fadar Majalisa ta Bucharest, wato fadar Ceausescu, da aka fara a 1984 bayan an tashi mutane kimanin 40,000 daga unguwanninsu, ɗakunanta sun kai 1,100. Majalisar dokoki na zama a ciki, akwai cibiyar taro da gidan zane-zane. Sai dai duk wanda zai kai ayari can ya sani ana yin rajista tun kafin ranar, ana neman fasfo na ainihi ba kwafi ba, ana bincike irin na filin jirgi, kuma in taron gwamnati ya taso a soke rangadi. Ginin da ke aiki yana ciyar da kansa amma ba naka ba ne, bi kake yi.

Wanda ya fi kama da abin da za ku iya shi ne Nowa Huta, a gabashin birnin Krakow na Polan. Gari ne sukutum da aka fara a 1949 don ma'aikatan masana'antar ƙarfe mai sunan Lenin, wadda ta fara aiki a 1954. Manyan tituna sun fito daga dandalin tsakiya, kowane rukunin gidaje da makarantarsa da shagunansa da farfajiya, a ƙarƙashin gine-gine da yawa kuma akwai maɓoyar yaƙi. Babu wani gini guda da za ka ce shi aka zo gani. Abin da ake sayarwa shi ne tafiyar awa biyu zuwa huɗu: dandalin da aka sauya wa suna zuwa na Ronald Reagan a 2004, gurbin da mutum-mutumin Lenin ya tsaya har Disamban 1989, ofisoshin masana'anta, maɓoya ɗaya, ɗakin da aka bari da kayan zamanin, abincin rana a gidan abincin ma'aikata. Ƙananan kamfanoni ne suka soma, da tsofaffin motocin Trabant na Jamus ta Gabas. Jarinsu mota biyu ko uku da matasa masu iya ba da labari.

Albaniya ta zo a makare amma ta koyi darasi. Cikin ramukan kankare fiye da 170,000 da shugabanta na gurguzu Enver Hoxha ya cika ƙasar da su don shirin yaƙi, biyu manya a Tirana aka gyara suka zama gidajen tarihi, Bunk'Art na farko a 2014, na biyu a 2016. Gidan leƙen asiri ya zama gidan tarihi a 2017, dalar da aka gina don tunawa da Hoxha a 1988 kuma aka sake buɗe ta a 2023 a matsayin cibiyar koya wa matasa fasaha, da matakala a jikinta ana hawa kyauta. Ba su ce za su gyara duka ba, sun zaɓi kaɗan.

Injiniya Rayfield:

Malam Mai Taswira ya miƙo mana, bismillah.

Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa da fenti da allon suna. Tsarin aikin shi ne gadi, sai awo, sai ruwa, sai gwajin kankare, sai asbesto, sai wuta da ƙofofin fita. Ado ne na ƙarshe.

Gadi ya zo farko saboda ɓarawo ya fi damina saurin kashe gini. Buzludzha a Bulgeriya shaida ce. Zauren jam'iyya ne mai siffar faifai a kan tsauni mai tsayin fiye da mita 1,400, an buɗe shi a 1981, bangonsa cike da zanen ƙananan duwatsu da gilashi. Bayan 1989 aka janye masu kula, aka kwashe rufin ƙarfe da tagogi da wayoyi, ruwa da ƙanƙara suka shiga shekara da shekaru. Da Gidauniyar Getty ta ba da dala 185,000 a 2019, kuɗin rubuta tsarin ceto ne kawai, ba na gyara ba. Aikin farko da aka yi bayan nan shi ne yi wa zanen rumfa da ɗaure wanda ke shirin faɗowa. Mutane na hawa tsaunin su ga ginin daga waje, amma ba a buɗe cikin ga kowa ba. Albashin mai gadi biyu na shekara talatin bai kai ko kusa da abin da gyaran zai ci ba.

Yanzu ga yadda kankare ke mutuwa. Sabon kankare yana da kaifin sinadari, awon pH wajen 12 zuwa 13, wannan ne ke hana rodi tsatsa. Iskar kabon na ratsawa daga fuska a hankali tana rage kaifin zuwa wajen 9. Ratsawar ba ta tafiya daidai da shekaru, tana raguwa: in ta ci milimita 10 a shekara 10, za ta ci wajen 20 a shekara 40. Matsalar ita ce gine-ginen da aka yi cikin gaggawa don cika wa'adin jam'iyya, ko wa'adin wani biki kamar yadda ake yi a nan, sau da yawa kankaren da ya rufe rodi bai wuce milimita 15 zuwa 20 ba. Da ta iso rodi, in akwai laima, tsatsa ta kama. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki biyu zuwa shida, sai ta turo kankare ya tsage ya ɓantare. A Legas gishirin teku na ƙara wa abin sauri. A Jos babu gishiri, amma ruwan sama na kai wajen milimita 1,400 a shekara.

Gwajin ba shi da tsada. A bi ginshiƙi da ƙasan dakali da ƙaramar guduma, inda ya yi ƙarar holoƙo a zagaye da alli, ya rabu da rodi ke nan. A ɓalle ɗan wuri sabo a fesa ruwan gwajin fenolftalin: inda ya koma ja-ja lafiya lau, inda bai sauya launi ba iskar ta cinye, sai a auna zurfin da rula a gwada da zurfin rodi. A yi haka a kowace fuska ta ginin, don ɓangaren da ruwa ke duka daban yake da na inuwa.

Wajen gyara, ba a shafa siminti a kan tsatsa. A fasa har a wuce bayan rodin da kamar milimita 20, a bi shi tsawo sai an iske ƙarfe mai tsabta, a goge da burushin ƙarfe. In rodin ya sirance sosai injiniya ya lissafa a ƙara wani, a tokare dakalin kafin a taɓa ginshiƙi. A cike da simintin gyara na musamman, ba kwaɓin birkila na yau da kullum ba, don wannan yana ƙanƙancewa ya bar tsaga a gefe, ruwa ya koma ta nan. Amma duk wannan aikin banza ne in rufi na yoyo. Shimfiɗaɗɗen rufi mai kwalta irin na wancan zamani ba ya wuce shekara 15 zuwa 20 ba a sabunta ba, kuma yawanci ba kwaltar ce ke fara lalacewa ba, bututun zubar ruwa ne ke toshewa da ganye, ruwa ya kwanta.

Asbesto kuma, wato kayan gini mai hana wuta da ƙurarsa ke cutar da huhu, shi ya ba da hujjar kashe Fadar Jamhuriya ta Berlin ta Gabas. An buɗe ta a 1976, aka rufe a 1990 saboda asbeston da aka fesa wa ƙarafunta, aikin cire shi ya bar ƙwarangwal kawai, aka rushe tsakanin 2006 da 2008. Gine-ginenmu na shekarun 1970 cike suke da silin da kwanon asbesto. Wanda bai fashe ba a bar shi a shafe shi. Wanda za a cire a jiƙa shi, a kwance ƙusa a sauke shi ɗungurungum, ba injin yanka, ba shara da tsintsiya, ma'aikata su sa takunkumin ƙura na gaske.

Abu na ƙarshe, nauyi. Benen ofis an lissafa shi kan kilo 250 zuwa 300 a kowace murabba'in mita, wurin taron jama'a kuwa 400 zuwa 500 ake nema. Ɗalibai arba'in da suka taru a baranda guda don hoto sun sauya wa ginin aiki. A ƙayyade adadi, makarin baranda kuma kada ya gaza mita 1.1.

Hajiya Mai Rangadi, Abuja:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗan Bukuru, amsar tambayarka ta uku ita ce akwai, amma a warwatse suke.

Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Iganmu a Legas kamfanin Technoexportstroy na Bulgeriya ne ya gina shi, aka kammala a 1976 don bikin al'adun baƙar fata na FESTAC na 1977, kuma an kwaikwayi zauren wasanni da al'adu na birnin Varna na Bulgeriya ne. A 2024 aka sa masa sunan Wole Soyinka. Filin baje kolin ƙasa da ƙasa na hanyar Badagry aikin Energoprojekt ne na Yugoslabiya, kamfanin da ya yi aiki a Kano ma. Masana daga Hangari sun zana wa Kalaba tsarin gari. Ga kuma babbar, masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, da aka ba Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet kwangila a 1979, Shugaba Shagari ya aza harsashi a 1980, a fili mai hekta 24,000.

Ɗayan kuma yana bakin ƙofarka. Gidan adana gine-ginen gargajiya da ke harabar gidan tarihi na Jos, inda aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, Zbigniew Dmochowski ne ya jagoranci kafa shi a shekarun 1970, masanin gini ne daga Polan ta zamanin gurguzu. Wato mutumin da ya fito daga ƙasar da ake cika gari da benayen kankare, shi ya zo ya auna aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina masallacin na Zariya, ya sa magina suka maimaita shi a Jos. Wannan labari ne da baƙo ɗan Turai da ɗalibin koyon zanen gini duk za su tsaya su saurara.

Kada ka yi tunanin haɗa su duka a tafiya ɗaya, kuɗin hanya zai cinye ka. Ajaokuta kuma kada ka sa ta a talla sai takardar izini tana hannunka. Har yanzu kamfanin gwamnati ne da ake cewa za a tayar, ba gidan tarihi ba. Ana rubuta wa hukumar kamfanin da sunayen masu zuwa tun makonni kafin ranar, ana tafiya da hular kwano da takalmi rufaffe, ma'aikacinsu ne ke jagora. Daga Abuja zuwa Lokoja kusan kilomita 200 ne, sannan a ƙara gaba, don haka ko a yi sammako ƙwarai ko a kwana. Ta fi dacewa da ɗaliban injiniya fiye da iyali.

Na Jos rabin yini ya isa. A fara ƙarfe 9 a gidan tarihi, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, a ba shi minti 45. Gine-ginen gargajiya awa ɗaya. Tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos da Bukuru daga 1914 zuwa 1957, minti 20. Sannan mota zuwa Bukuru ko Rayfield a ga kududdufin haƙar kuza guda ɗaya, a ci abinci, a tashi kafin ƙarfe 2, don da damina ruwan Jos ya fi sauka da rana zuwa yamma. Jagora ɗaya kada ya wuce mutum 15, na baya ba sa ji, sai su koma danna waya.

Lissafin kuɗi nan ne ƙananan ƙungiyoyi ke karyewa. Bas mai kujera 18, ka haɗa hayar mota da mai da kuɗin jagora da na izini, ka raba da 10, ba da 18 ba, don ba kullum za ta cika ba. Ka ɗora abin da kowane kai ke ci, tikiti da ruwa da abinci, sannan ka ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. A karɓi rabin kuɗi kafin ranar. Gidan tarihin yana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, a rubuta wa shugaban gidan in ayari ne babba ko za a ɗauki bidiyo. Ginin gwamnati da ake aiki a ciki kuwa kada wanda ya ɗaga kyamara sai an tambayi masu tsaro.

In kuna son ganin ainihin gadon gurguzu ba sai kun nemi bizar Turai ba. Jamhuriyar Benin ta yi mulkin Markisanci ƙarƙashin Mathieu Kerekou daga 1974 zuwa 1989, kuma dandalin Jan Tauraro na nan a Kwatano, ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza. A Adis Ababa ta Habasha akwai hasumiyar Tiglachin ta 1984 da gidan tunawa da waɗanda gwamnatin sojan gurguzu ta Derg ta kashe, wanda aka buɗe a 2010.

Baba Malami, Anguwan Rogo:

Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma ina da gyara a suna. Kada yaran nan su buga takarda su ce "gadon gurguzu a Najeriya", masu sani za su yi musu dariya. Dangantakarmu da Mosko ta yi ƙarfi ne a yaƙin basasa, daga 1967, lokacin da suka sayar wa gwamnatin tarayya jiragen yaƙi samfurin MiG. Kamfanonin Bulgeriya da Yugoslabiya da Polan da suka biyo baya 'yan kwangila ne, kuɗin mai suka zo nema, ƙasashensu na ƙishin kuɗin waje. Ba aƙida suka gina mana ba. Sunan da ya dace shi ne gine-ginen zamanin Yaƙin Cacar Baka, ko na zamanin arzikin mai. Kuza kuwa gadon Turawan mulkin mallaka ce, ba ruwanta da gurguzu. Dabarar nunawa ce kawai za a aro.

A dabarar ma akwai abin lura. A Turai iri biyu ne ke tafiya. Akwai na raha, a hau Trabant, a sa hular soja, a yi hoto da Lenin. Akwai na gidan yarin Hohenschonhausen na 'yan sandan cikin Jamus ta Gabas a Berlin, inda cikin masu zagayawa da baƙi har da waɗanda aka taɓa tsarewa a ɗakunan. Mazauna wuri ba sa son a mai da wahalarsu abin dariya, ba kuma sa son a ce duk rayuwarsu baƙin ciki ce, tunda a gidajen nan suka yi aure suka haifi 'ya'ya. Kamfanin da bai tambaye su ba zai tarar da ƙofa a rufe.

Haka kududdufan Bukuru. Ƙasar noma ce ta Birom aka haƙe. Tsakanin 1942 da 1944 an kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa aikin tilas a ramukan kuza, sanyin Jos da cuta suka kashe da yawa. Kakannin Hausawan Jos da dama ta hanyar kuza suka zo. Garin da ya sha rikici kan wa ke da ƙasa, ɗan jagora ba zai tsaya bakin ruwa ya faɗi rabin labari ba. A zauna da dattawan kowane ɓangare kafin a rubuta abin da zai faɗa.

Sannan ku san masu sauraronku. Mutanenmu ba mutum-mutumi ke jan su ba. Ka gaya musu Albaniya ta haramta addini a 1967, ta rufe masallatai da majami'u, sai a Janairun 1991 dubban mutane suka shiga masallacin Et'hem Bey na Tirana ba da izini ba kuma 'yan sanda ba su hana ba. Ka gaya musu an tsara Nowa Huta babu coci, mazauna suka yi arangama da hukuma a 1960 kan gicciyen da suka kafa, har suka gina cocinsu aka keɓe shi a 1977. Musulmi da Kirista na Jos duk za su gane wannan.

Ɗan Bukuru:

Na gode ƙwarai, iyayena. Baba, mun karɓi gyara, za mu sauya sunan. Saura abu ɗaya: ba mu da kuɗin gyaran gini ko ɗaya. Me za mu iya yi da hannunmu a watanni uku masu zuwa? Kuma Injiniya, gine-ginen ƙasa na gidan tarihin fa, su ma gwajin kankaren ne?

Injiniya Rayfield:

A'a, na ƙasa dokarsa daban, ko da yake maƙiyin ɗaya ne, ruwa. An ɗauko ginin Kano da Zariya an kawo inda ruwan sama ya fi yawa, don haka yaɓe duk shekara ne kafin Afrilu, ba duk shekara uku ba. A duba indararo ya zarce bango sosai, a duba gindin bango inda ruwa ke fantsama yana ci, a ƙwanƙwasa azara a ji ko gara ta shiga. Abin shafawa makuba ce, ko laso na katsi da gashin jima da dafara. Kada a yarda a shafe da siminti: yana kulle laima a ciki, ƙasar ta ruɓe a bayansa, wata rana ya zubo falle guda da rabin bangon. Wannan aikin magina ne na gargajiya da izinin hukumar gidan, ku naku ku kai rahoto da hoto.

Abin da za ku iya kuwa shi ne rajista. Kowane wuri kati ɗaya: suna, inda yake a taswirar waya, shekarar gini, wanda ya gina, mai shi a yau, wanda ke riƙe da makulli, hoto ta fuska huɗu da na rufi in ana iya hawa, da halin da yake ciki a mataki uku, lafiya, yana yoyo, ko haɗari. Wurare 20 sun isa farawa. Duk wanda ya faɗa mataki na uku daga waje za a nuna shi, da tazarar da ta kai tsayin bangon.

Ku ɗauki muryar tsofaffin leburorin kuza da ma'aikatan jirgin ƙasa da maginan da suka yi aiki a gidan tarihin, minti 30 zuwa 45 kowanne, da yardarsu a farkon faifan, ku adana a wuri biyu. Daga nan ku gwada hanyar da mutum 10 kyauta, ɗaya na riƙe da agogo yana rubuta inda aka gaji da inda aka yi tambaya, ku yanke tashar da ba ta jawo tambaya ko ɗaya ba.

A bakin kududdufi a tsaya aƙalla mita 5 daga gaɓa, don gefen rami ne mai zurfi a miƙe kuma yana zaftarewa bayan ruwa. Ba wanka, ba wanda zai ɗebi baƙin yashin da aka tace kuza ya kai gida, akwai ma'adinai masu tururin nukiliya a cikinsa. Ku tafi da igiya mai mita 20 da abin ceto mai yawo a kan ruwa, ku kuma sanar da mai unguwar wurin kwana ɗaya kafin ku zo.